Ganuwa Uku a Kan Tudun Biyertan

Aikin rediyo ya bar mini wata ɗabi'a da na kasa rabuwa da ita: duk inda na sauka, kunne nake fara bazawa kafin ido. Mai ɗaukar hoto haske yake nema, ni kuwa ƙara nake nema, domin abin da ba ya ƙara ba ya shiga akwatin mai saurare. Da wannan ɗabi'ar na isa ƙauyen Biyertan na ƙasar Romaniya, bayan kammala wani taron 'yan jarida masu aiki da Faransanci da aka gayyato ni daga Yamai. An ba mu wuni ɗaya na buɗe ido, aka kwashe mu a mota daga birnin Sibiyu, tafiyar kilomita kusan 80. Ranar Lahadi ce, kuma an ce tsohuwar majami'a za mu gani, don haka na riƙe rakodata ina lissafin zan komo gida da waƙar masu ibada.

Tun daga nesa na fara shakkar ko direba ya kawo mu inda aka ce. Ƙauyen yana kwance cikin kwari, gidaje a jere ƙugu da ƙugu, kowanne da babbar ƙofar da amalanke zai iya shiga. A tsakiyarsu wani tudu ya taso, a kan tudun kuwa ganuwa ce bayan ganuwa har hawa uku, da hasumiyoyi masu tsinin kai, kuma jikin bangon duk ƙananan kafofi ne irin na maharba. Sai ka ɗaga kai sosai sannan za ka ga rufin majami'ar ya leƙo daga can ƙoli. Na tambayi abokiyar aikinmu 'yar ƙasar, wadda ke yi mana tafinta, ko barikin soja ne. Ta yi dariya ta ce duka biyun ne, in dai haƙura in ji labarin.

Labarin ya fara ne a tsakiyar ƙarni na 12. Yankin da ake kira Tiransilbaniya, wanda duwatsun Karfat suka yi wa zobe, yana ƙarƙashin sarautar Hangari a lokacin, kuma shi ne bakin iyakarta ta gabas. Sarki Geza na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1141 zuwa 1162, yana da ƙasa amma ba shi da isassun mutanen da za su nome ta su kuma tsare ta. Sai ya aika yamma ya kira baƙi. Manoma da masu sana'a suka taso daga yankunan kogunan Rayin da Mozel, wajejen Jamus ta yamma da Lukzambur na yau, suka zo suka sari daji. Takardun fada suka sa musu suna Sakson, ko da yake akasarinsu ba daga ƙasar Saksoni suka fito ba, sunan kuma ya bi su har yau. A nan zan riƙa ce musu Saksawa don sauƙin baki. A 1224 Sarki Andaru na Biyu ya rubuta musu takardar 'yanci: su zaɓi alƙalansu da limamansu da kansu, su biya sarki haraji a dunƙule, su ba shi mayaƙa in yaƙi ya tashi. Daga baya aka shimfiɗa wannan 'yancin har yankin Mediyash, inda Biyertan take. Sunan ƙauyen ya fara fitowa a rubuce a shekarar 1283.

Wannan 'yancin shi ne mabuɗin ginin da na gani. Manomin da ke ƙarƙashin wani basarake, in hari ya zo, gidan ubangidansa yake gudu. Su kuwa waɗannan 'yantattu ne, ba su da ubangida mai katanga, ga shi kuma hari bai daina zuwa ba. A 1241 mayaƙan Mongol suka ratsa ƙasar suka bar ƙauyuka toka. Daga wajejen 1420 sai dawakan Daular Usmaniyya, ta Turkawan Santambul nake nufi ba tamu ta Sakkwato ba, suka riƙa tsallako duwatsu suna kwasar dabbobi da mutane. Manyan birane kamar Sibiyu da Burashob suna da kuɗin da za su kewaye kansu da ganuwa baki ɗaya. Ƙauye ba shi da wannan ƙarfin. Abin da yake da shi na dutse gini ɗaya ne tak, wato majami'a. To sai suka ce bari a yi wa wannan ɗin ganuwa, in ƙararrawa ta kaɗa kowa ya bar gidansa ya shige, a ƙone gidajen in an ga dama, rai da iri dai su tsira. An taɓa samun irin waɗannan majami'u masu ganuwa kusan 300 a yankin, kimanin rabinsu ne suke tsaye yanzu.

Sun yi tunanin ciki kafin tunanin komai. A ƙauyen Firejmer, kusa da Burashob, jikin ganuwar daga ciki ɗakuna ne sama da 270, hawa-hawa, kowane gida da nasa, inda ake ajiye hatsi ko da lafiya ake zaune. A ƙauyuka da dama akwai hasumiyar da ake rataye naman alade da aka kyafe, ana buɗe ta sau ɗaya a mako, kowa ya yanki nasa ya buga alamar gidansa a bakin yankan, don ya gane in wani ya taɓa masa. Wato dai ginin wurin ibada ne, rumbu ne, kuma mafaka ne.

Biyertan ta fi sauran ƙauyuka buri. Tana da kasuwa, tana da masu sana'a, kuma tuddan da ke kewaye da ita duk kurangar inabi ce. Har yanzu ana ganin sawun matakalan da aka sassare a jikinsu ko da yake yawancin gonakin sun mutu. Gasa take yi da Mediyash a kan wa zai zama hedikwatar yankin, kuma a zamanin nan gari da majami'arsa yake nuna isa. Suka rushe tsohuwar da suka gada, suka fara sabuwa a ƙarshen ƙarni na 15, aka gama a wajejen 1524. Gasar dai Mediyash ce ta ci, ta zama birni, Biyertan ta koma ƙauye da majami'ar da ta fi ƙarfinsa, kamar yaron da aka ɗinka wa babbar rigar ubansa.

Daga dandalin ƙauyen ake kama wata doguwar matakala ta katako mai rufi, a hau tudun. Nan na fara kunna rakoda, na ɗauki ƙarar takalmanmu da nishin wani abokin tafiya mai ƙiba. Wanda ya zo da yaƙi a da ba wannan hanyar zai samu ba. Sai ya bi hanyar amalanke da ke zagaya tudun tsakanin bango da bango, ya ratsa ƙofa bayan ƙofa, kowacce da hasumiya a kanta, mutane na bisa suna jiransa.

Da ka shiga majami'ar abin da zai fara kama ka shi ne tsawo. Zauren ya kasu layi uku da ginshiƙan dutse, kuma dukkan layukan tsayinsu ɗaya ne, shi ya sa ba dogon lungu kake ji ka shiga ba, fili ne guda mai haske. Daga kan kowane ginshiƙi jijiyoyin dutse suna tashi su bazu su sarƙe da na maƙwabcinsa, su yi raga a rufin. Duk wanda ya taɓa ɗaga kai a soron da maginanmu suka yi wa ɗaurin guga zai gane dabarar nan take: bakan ne ke ɗaukar nauyi ya sauke shi a kan ginshiƙi, abin da ke tsakani cikawa ce kawai. Bambancin shi ne namu azara ce da ƙasa, nasu dutse da tubali, kuma bakansu mai tsini ne. Turawa na kiran wannan salon Gotik, kuma Biyertan na cikin na ƙarshe-ƙarshe da aka gina da shi a yankin, lokacin da Italiya ta riga ta koma wani yayin. Ƙauye ko'ina a duniya a makare yake samun labarin yayi.

A gaba akwai bagade, wani katafaren allo mai fukafukai da ake buɗewa a rufe kamar ƙyauren taga, ɗauke da zane 28 na rayuwar Annabi Isa da mahaifiyarsa Maryam da waliyyan Kirista. An fara zana shi a 1483, aka ƙarasa a farkon ƙarni na 16. Mumbarin na dutse ne da aka sassaƙa, kujerun manya kuwa na katako ne da aka yi wa ado da gutsattsarin itace masu launi daban-daban.

A nan ne ɗan jaridar da ke cikina ya tsaya. An ce mini majami'ar Furotesta ce, ta mabiya Martin Luther, kuma abin da na sani shi ne Furotesta ba su cika son hotunan waliyyai ba. To me ya kawo waɗannan? Amsar tana cikin lissafin shekaru. Luther ya fito da ƙorafinsa a kan cocin Roma a 1517, a garin Witenbag na Jamus, lokacin magina suna kan aikinsu a Biyertan. Wato Katolika ne suka gina ta, da sunan Maryam. 'Ya'yansu ne suka sauya. Wani malami mai maɗaba'a a Burashob, Johannes Honterus, shi ya ja ragamar sauyin daga 1542, kuma kafin shekara goma ta cika Saksawa sun koma tafarkin Luther kusan gaba ɗayansu, birni da ƙauye, da shawarar majalisarsu. Da yake tare suka juya, ba a yi irin fashe-fashen da aka yi a wasu ƙasashen Turai ba. An shafe zanen bango da farar ƙasa a wurare da dama, an mai da huɗuba harshen da jama'a ke ji, amma bagaden da kakanni suka kashe wa dukiya an bar shi inda yake.

Abin da ya fi burge ni ma yana waje, a jikin ganuwar ciki. Akwai wata hasumiya da har yau ake kira hasumiyar Katolika. 'Yan tsirarun da suka ƙi sauyawa, ita aka bar musu su riƙa ibadarsu, kuma zanen bangonta yana nan ba a shafe ba. Ka tuna zamanin da ake magana: a Faransa, a 1572, an yi wa dubban Furotesta yankan rago a titunan Faris. A Tiransilbaniya kuwa, majalisar ƙasa da ta zauna a garin Turda a 1568 ta riga ta yarda kowace al'umma ta riƙe mai wa'azin da ta ga dama. Ba zan yi wa abin kwalliyar da ta wuce gaskiya ba. Ɗariku huɗu ne doka ta amince da su, kuma Romaniyawa mabiya cocin Otodoks, duk yawansu, an bar su a waje, ana dai ƙyale su ne kawai. Amma ko hakan ya fi abin da ake yi a yawancin Turai ta lokacin. Wani ɓangare na dalilin kuwa shi ne bayan Turkawa sun karya Hangari a yaƙin Mohac na 1526, Tiransilbaniya ta zama ƙasa mai sarkinta da ke kai gaisuwa Santambul, kuma Sarkin Musulmin Turkawa bai damu da wace ɗarika Kirista ke bi ba muddin haraji na isowa.

A wannan shekara ta 1572 aka zaɓi limamin Biyertan, Lucas Unglerus, ya zama bishop na Saksawa. Bai tashi ya koma birni ba, sai kujerar ta zo ta same shi. Daga nan har 1867, shekara kusan 300, daga wannan ƙauyen ake shugabantar cocinsu duka, kafin a mai da kujerar Sibiyu. Duwatsun kaburburan bishop-bishop ɗin suna jere a wata hasumiya, an sassaƙa kowannensu da gemunsa da littafinsa.

Sai kuma abin da ya sa hannuna ya tafi igiyar takalmi ba tare da na sani ba. A cikin majami'ar an rataye wasu tsofaffin dardumomi, jajaye da ruwan ƙasa, irin saƙar Turkawa. Irinsu sun kai ɗaruruwa a majami'un Saksawa, mafi yawa a Baƙar Majami'a ta Burashob, kuma da yawansu suna da zanen mihirabi a tsakiya, wato dardumar salla ce sak irin wadda alhazai ke kawo tsaraba. Hanyar da mahara suka bi ita fatake suka bi. Littafin kwastan na Burashob na shekarar 1503 ya nuna darduma sama da 500 sun shigo garin daga ƙasar Turkawa a shekara guda. Attajirai da ƙungiyoyin masu sana'a suna saye, su ba majami'a kyauta don tunawa da mamaci ko don a san su wane ne. Bayan an shafe zanen bango, ado marar hoton mutum ko dabba ya zo daidai da abin da masu bin Luther ke so. Da yake ratayewa ake yi ba a takawa, sai suka rayu shekara 300 zuwa 400, alhali 'yan uwansu da aka yi salla a kai sun daɗe da cinyewa. Na daɗe tsaye a gabansu. Bangon waje an gina shi ne don tsoron Baturke, ga kuma aikin hannun matan Anatoliya a wuri mafi daraja a ciki. Kuma da aka zo aka washe wurin a farkon ƙarni na 18, 'yan tawayen Hangari ne masu yaƙi da sarautar Ostiriya suka yi, Kirista 'yan uwansu.

Masu yawon buɗe ido sun fi rububin wani ɗan ɗaki a jikin ganuwa, inda aka ce ana kulle mata da mijin da suka nemi rabuwa, a ba su gado ɗaya, kwano ɗaya, cokali ɗaya, har sai sun shirya. Ana cewa a shekara 300 aure ɗaya ne ya mutu. Abokan tafiyata suka yi ta dariya suna ɗaukar hoto. Ni dai na yi shirye-shirye da yawa a kan zaman aure, kuma na san ba duk matar da ta ce ta haƙura ba ce ta haƙura. Wata ƙofar take so a buɗe.

Duk wannan zagayen, waƙar da na zo nema ban ji ta ba. Kujeru ne a jere ba kowa. A kan wani benci kusa da ƙofa na ga wani dattijo da hularsa a gwiwa, tafintarmu ta gaishe shi ta ce Basakse ne, haifaffen nan. Na ce ta tambayar mini, "Baba, yaushe za a fara ibada?" Ya ce fasto ɗaya ne ke zagaya ƙauyuka da yawa, yau ba layinsu ba ne. Ya nuna mini da sandarsa inda maza ke zama a da, da inda mata ke zama, kowa bisa shekarunsa, ana matsawa layi-layi yayin da ake tsufa. Ya ce, "Yarona, da can in ka makara ba ka samun wurin tsayawa."

Inda mutanen suka tafi ba ɓoyayye ba ne. A 1918 Tiransilbaniya ta koma cikin Romaniya. A ƙidayar 1930 Jamusawan ƙasar duka sun haura 700,000, Saksawa kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai guguwar Hitila ta kwashe da yawansu, dubban samarinsu suka shiga rundunar SS a 1943, wannan kuma tabo ne da su kansu ba sa musunsa. Sakamakon ya faɗa kan mai laifi da marar laifi: a Janairun 1945 aka kwashi Saksawa kimanin 30,000, maza da mata, zuwa aikin tilas a ramukan kwal na Tarayyar Sobiyet, kuma da yawa ba su komo ba. Gwamnatin kwaminis ta karɓe gonaki. Daga baya shugaba Caushesku ya gano cewa mutanen nan haja ce: Jamus ta Yamma tana biyan kuɗi a kan kowane kai da aka bari ya fita, kuma bayan yarjejeniyar 1978 sama da mutum 10,000 ke tafiya duk shekara. Da aka kifar da shi a Disambar 1989 ƙofa ta buɗe gaba ɗaya, a 1990 kaɗai Jamusawa sama da 100,000 suka bar ƙasar. A ƙidayar 2011 kimanin 36,000 suka rage. Ɗaya daga cikinsu, Klaus Iohannis na Sibiyu, har ya zama shugaban ƙasa a 2014, lokacin da ƙauyukan kakanninsa suka riga suka zama na wasu.

Na tambayi dattijon wa ke gyara ginin a da. Ya ce maƙwabtaka. Kowane layi a ƙauyen ƙungiya ce mai shugabanta da suke kira uban maƙwabta, da akwatinta na dokoki. Su ke haƙa kabari, su ke taya wanda gidansa ya ƙone, su ke yashe rijiya, kuma in rufin majami'a ya yoyo ko bango ya tsage, su ke fitowa, wanda ya ƙi a ci shi tara. Da na ji haka na ce wa tafinta wannan ai gayya ce, na yi mata bayani, ta fassara masa, ya gyaɗa kai. Shekara 500 ginin nan yana tsaye a kan wannan aikin da ba a rubuta sunan kowa a kansa.

Biyertan tana cikin masu sa'a. An gyara ta bayan girgizar ƙasar 1977, kuma a 1993 hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya, daga baya a 1999 aka ƙara wasu ƙauyuka shida. Tana samun baƙi, baƙi na sayen tikiti. Saksawan da ke Jamus sun sha haɗuwa a nan don taronsu na shekara, su cika kujeru wuni guda da kayan gargajiya, su koma. Romaniyawa da 'yan ƙabilar Roma da ke zaune a gidajen yanzu suna da nasu wuraren ibada, ko da yake a wasu ƙauyukan su ne ke riƙe da makullin majami'ar da ba tasu ba, suna share ta. Waɗanda ba sa kan hanyar baƙi kuwa ruwan sama ke ci. A watan Fabrairun 2016 hasumiyar ƙauyen Rotbab ta rufta, 'yan kwanaki bayan wani sashe na ta Rowadesh ya zube. Ba wanda ya harba musu komai.

Da za mu tafi, mai kula da wurin ya kira mu ɗakin ajiyar da ke gefen bagade, inda a da ake ɓoye kayan azurfa da takardu. Ƙyauren na 1515 ne, kuma bayansa duk ƙarfe ne a sarƙe. Ya ce sakata 19 ne, makulli ɗaya da mariƙi ɗaya ke tura su lokaci guda cikin bango ta kowane gefe, kuma an taɓa ɗaukar ƙyauren zuwa baje kolin duniya a Faris don mutane su gani. Na roƙe shi, da ƙyar ya yarda ya motsa shi sau ɗaya. Na ce kowa ya yi shiru, na kanga rakoda. Ƙarar ta fito a dunƙule, mai nauyi, ta zagaya rufin ta dawo.

Da na komo Yamai, da ita na buɗe shirin. Na sa ta sau biyu, na ce masu saurare su bugo su faɗi ko ƙarar mene ce. Wani daga Maraɗi ya ce bindiga ake ɗanawa. Wata daga Damagaram ta ce ƙofar banki ce. Na uku wani dattijo ne daga wani ƙauye a jihar Tawa, ya ce shi bai san ƙarar ba, amma ya ji na ambaci garin da samarinsa suka tafi suka bar tsofaffi da makulli, yana so in maimaita sunan garin a hankali.